Baba da Masaninsa na Manchester

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Baba ya riga mu isa. Da maza suka dawo daga kai shi makwancinsa, gidanmu na unguwar Handsworth a Birmingham ya kasa ɗaukar mutane. Takalma suka cika lungun shiga har kan matakalar bene. Maza a falon gaba, mata a ɗakin baya da kicin, ni kuma ina kai da kawo da tiren shayi, don babbar 'ya ba ta samun zama a irin wannan rana.

Kowa ya shigo, Auta yake nema. Alhajin Ghana, maƙwabcinmu mutumin Kumasi da suka yi shekaru suna sallah sahu ɗaya da Baba, ya kama hannunsa biyu ya ƙi saki. "Kai aka yi wa mutuwa, ɗana," yake ta faɗa. "Kai ne abokin hirarsa." Baba Likita, aminin Baba tun suna ɗalibai, ya ce shi bai taɓa ganin uba da ɗa masu shiri irin nasu ba. Gwaggo ta bugo daga gida, ni na ɗauka, ta yi min gaisuwa a taƙaice ta ce a ba ta Auta ta ji muryarsa. Har tsohuwar nan 'yar Jamaika ta gidan kusa, da ta kawo kek a faranti, wuce ni ta yi ta je ta rungume shi. Ni abin da nake samu shi ne, "Ke ce ta Manchester? Sannu, ya hanya?"

Ba zan ɓoye ba, kishi nake yi. Ubana ko kwana bai yi a kabari ba, ga tire a hannuna, ga hawaye a idona, ina kishin ƙanena da na goya a bayana.

Ina ajiye kofuna a falon ne Alhajin Ghana ya share fuska ya dubi jama'a. "Wai an kuwa sanar da masanin nan na Manchester? Ya kamata a ce ya zo." Auta ya ɗago ya dube ni. Sai na fara ba ku labarin Baba, sannan za ku gane abin da ya sa shayi ya zube min a tire.

Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa min. A wajenmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a yabonsa a kan idonsa. Alkunya ake ce mata. Mama ta yar da tata tun shekarar da muka iso ƙasar nan, ta ce a garin da ba ta da uwa ba ta da 'yar'uwa, in ba ta yi hira da 'yarta ba da bango za ta yi? Baba kuwa ya taho da tasa cikakkiya, ya riƙe ta har ya koma ga Allah. Da nake ƙarama "yarinyar nan" ce ni. Da na girma na tafi aiki, na koma "ta Manchester". In ina tsaye a gabansa yana son ruwa, cewa yake, "Ko za a samu ruwa a gidan nan?" Wata rana ya kai ni wajen likitan unguwa ina fama da tari, matar da ke karɓar mutane ta tambaye shi sunan yarinya. Ya gyara hula, ya dubi gefe, ya ce da Hausa, "Ana tambaya." Ni na ɗaga kai na faɗi sunana da kaina, matar tana kallonsa kamar wanda ya sato 'yar mutane.

Shi kuwa Auta a nan aka haife shi, bayan an fid da rai. Hausarsa duk a karkace take, Turancin Birmingham ne a bakinsa, "Dad" yake cewa, kuma a kofin Baba yake shan shayi. Baba yana kiransa Gwamna. Ya hau kafaɗarsa, ya ja masa gemu, ya girma ya riƙa ce masa "ba haka ba ne" a gaban baƙi, Baba yana dariya har da buga ƙafa.

Injiniyan ruwa ne Baba, ya yi aikinsa ya yi ritaya ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Amma abin da ya ɗauke masa rai shi ne zaɓen shugaban ƙasa na gida. Mutumin da tun da ya bar Najeriya bai sake dangwala ƙuri'a ba, don mu na waje ba a ba mu dama, amma ya fi masu takarar shiga damuwa. Duk Lahadi bayan la'asar falon gaba ya zama majalisa: shi, da Baba Likita, da Alhajin Ghana, da duk wanda ƙafa ta kawo. Ga gyaɗa, ga dabino, ga butar shayi. Da zarar an fara fitar da ƙuri'un jin ra'ayin jama'a, tun zaɓe yana da nisa, sai ya ɗora tabarau a kan hanci ya ɗauko waya ya fara karanto musu. Duk ƙasar ba ta dame shi kamar jiharmu ba. Ta daɗe a hannun jam'iyya ɗaya, kuma duk kakar zaɓe sai an ce wannan karon za ta iya juyawa, ta zama fagen da za a gwabza. Kullum gardamar ke nan. Baba Likita ya ce ba inda za ta je. Alhajin Ghana ya ce su a can sun ga yankunan da aka rantse ba sa motsi sun motsa. Baba ya bar su su gaji, sannan ya ce, "Ku dai ku bari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Yana da tasa hanyar jin ra'ayin. In damina ta wuce a gida, sababbin ɗalibai suka fara sauka a Selly Oak, unguwar ɗaliban jami'a, sai ya ɗauki mota ya bi su gida-gida. Ya kwaso yaran da ba su san kowa ba ya kawo su Mama ta cika musu ciki da tuwo, wanda ya zo ba rigar sanyi ya cire tasa ya ba shi. Akwai shekarar da Mama ta ɓoye masa kwat ɗinsa na zuwa masallaci don kada shi ma ya tafi. Sai yaro ya ƙoshi ya saki jiki, sannan Baba ya matso. "Wace jiha? To, ban tambaye ka naka ra'ayin ba, kai ɗan boko ne. Tsohuwarka me take cewa?" Wasu daga cikin yaran nan yanzu manyan mutane ne, sun zo gaisuwa da 'ya'yansu suna kuka. Su ma na yi kishinsu. Yaron da ya sauka daga jirgi jiya an zauna an tambaye shi, an saurare shi.

Ni kuma, don Allah ku ji, wannan shi ne aikina. Ƙididdiga na karanta. A Manchester abin da nake yi ke nan safe da yamma: tsara yadda za a tambayi mutane, da auna ko amsar da aka samu ta isa a dogara da ita. Kada wanda ya tambaye ni abin da ya sa na zaɓi wannan karatun.

To, ga yadda muke yi. Ranar Asabar da hantsi Mama za ta bugo. Mama da ko sunan gwamnanmu sai an tuna mata. Bayan gaisuwa da tambayar ko na ci abinci, sai ta gyara murya. "Wai ni kam, in an ce tazarar kuskure me ake nufi?" A bayanta ina jin an rage rediyo. Ina jin tarin da na sani. Sai in yi bayani: ba duk mutanen jiha aka tambaya ba, kaɗan aka ɗiba, don haka in bambancin da ke tsakanin 'yan takara ƙanƙane ne, ba za a ce wani yana gaba ba. Sai Mama ta ce, "Maimaita a hankali, kin san kunnena." Kunnenta lafiya lau. In maimaita. Wani lokaci in ji raɗa, sannan ta ce, "To, wai su wa aka tambaya ɗin?" In ce yawwa, wannan ita ce tambayar. Wa aka tambaya, ta wace hanya, da wane harshe, kuma wa ya sa a yi.

Na daɗe ban san inda amsoshin suke zuwa ba, sai wata Lahadi da na zo hutu ina kicin ina soya albasa, ƙofar falo a buɗe. Na ji Baba ya kashe gardama da cewa, "Wani masani da nake da shi a Manchester ya ce jin ra'ayin da aka yi da wuri ɗanɗanon miya ne tun ba ta tafasa ba." Maganata ce, kalma da kalma, jiya-jiya na faɗa wa Mama. Baba Likita ya ce lallai mutumin nan ya san aikinsa. Na ji daɗi, wallahi na ji, har albasar ta fara ƙonewa. Kafin in sauke ta daɗin ya koma haushi. Masani. Ko mace ma ba a bar ni a ita ba. Ga Auta a zaune a hannun kujerarsa yana cin gyaɗa, bai san komai a kan lamarin ba sai abin da ya tsinta a intanet, amma shi ake juyowa a ce wa, "Gwamna, kai me ka gani?"

Rigimarmu guda ɗaya ce, kuma ba mu yi ta baki da baki ba. A kakar zaɓen da ta wuce ne. Wani jin ra'ayi ya fito da wuri ya nuna 'yan adawa sun sha gaba a jiharmu, duniya ta ɗauka. Asabar ta zo, Mama ta bugo, ta gyara murya. Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "Mama, ki ba mai tambayar wayar." Ta fara kame-kame. Na ce, "Yana nan kusa da ke, ina jin numfashinsa. In yana son sani ya tambaye ni da bakinsa." Na ji kujera ta motsa, na ji an rufe ƙofa a hankali. Mama ta ce, "Kin kyauta," ta kashe.

Muka shiga yajin aiki, ni da shi. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Baba ya shiga majalisa da abin da Auta ya karanto masa, ya bugi ƙirji ya ce jiha ta tafi, a rubuta a ajiye. Da na duba abin nan a ranar da ya fito na san ba shi da ƙwari, amma na kama bakina. Zaɓe ya zo, jiha ta tsaya inda take. Baba Likita ya yi wata da watanni yana tsokanarsa, yana tambaya ko masanin Manchester ya yi tafiya ne. Auta ne ya ba ni labari yana dariya, shi ko a jikinsa. Duk da haka Baba bai ɗauki waya ba. Ya gwammace a yi masa dariya a falonsa.

Gwaggo ta ji, ta bugo daga gida ta wanke ni tas. "Ke Baturiya ce? Uban da yake jin kunyarki ai shi ya ɗauke ki da daraja. Mu namu uban har ya mutu babban yayanmu bai ga haƙoransa ba." Na ce, "Gwaggo, daraja ba ta hira." Ta ce Allah ya shirye ni. A ƙarshe don Mama na sauko, ganin tana ramewa a tsakaninmu tana cewa ni da shi hali ɗaya, kan dutse. Wata Asabar ta gyara murya, na amsa, aka rage rediyo, muka ci gaba kamar ba a yi ba. Ban yi nadama ba, har yau ina ganin ban roƙi abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Bana ciwo ya kwantar da shi. Na riƙa hawa jirgin ƙasa duk ƙarshen mako ina saukowa. A asibiti ma tsarin bai canza ba: Auta a bakin gado yana gyara masa filo suna zolayar juna, ni a kujerar da ke jikin bango ina ɓare lemo ina miƙa wa Mama ta miƙa masa. A makon ne kuma aka fara fitar da jin ra'ayi na zaɓe mai zuwa, aka ce jiharmu kankankan ake.

Ranar da zan gaya muku, da rana ne bayan azahar. Mama ta tafi ɗakin sallah na asibitin. Auta ya duba agogo ya ce lokacin da ya biya na fakin mota ya ƙare, ya fita da gudu ya gyara mota. Sai ga ni ga Baba, ba kowa a tsakani. Ban tuna rabon da hakan ta faru ba. Wayarsa tana kan bargo, tabarau a kan hanci, ya rame har hular ta yi masa yawa. Ya dubi ƙofa. Ya sake duban ƙofa. Na ga tambayar tana cin sa. Can ya juya wajen taga, ya ce wa gilashin, "Ko akwai wanda ya ga sabon nan da ya fito?"

Ni ma na dubi tagar. Na ce, "An gani."

"To, me aka gani?"

Na ce da wuri ne, 'yan takarar ma ba su gama bayyana ba. Na ce bambancin bai kai a ce wani yana gaba ba. Ta waya aka yi tambayar, mutanen birni ne suka fi ɗauka, matar ƙauye kuwa wayar tana aljihun mijinta. Sannan waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba sun fi bambancin yawa nesa ba kusa ba. "Wanda ya ce jihar za ta zama fagen fama bai yi ƙarya ba," na ce, "wanda ya ce ba za ta zama ba shi ma bai yi ba. A jira."

Ya daɗe yana kallon waje. Sannan ya ce, "Waɗanda ba su yanke ba ɗin nan, sun yanke. Tun tuni. Mutumin jiharmu ne baƙo zai bugo masa waya ya ce wa kake so, ya faɗa? Wanda ba ya so, zai zage shi a tsakiyar kasuwa. Wanda yake so kuwa, ko sunansa ba zai kama ba."

Ni ba sakarya ba ce, na ji abin da aka faɗa min. Amma halin nan da Mama take faɗa bai bar ni ba. Na ce wa tagar, "A aikinmu, abin da ba a faɗa ba ba ya shiga lissafi."

Sai Baba ya juyo. Ya sauke tabarau ya dube ni ido cikin ido, har da ɗan murmushin nan da yake yi in ya samu abokin gardama. "To da sauranki," ya ce. "Ki koma ki gyara lissafinki."

Ni ya ce wa. Ba Mama, ba bango, ba taga. Na buɗe baki zan mayar masa, don ina da gardamar da na tara tun ina yarinya, na ja kujerata gaba. Sai ƙofa ta buɗe, Auta ya shigo yana haki yana ƙorafin masu fakin. Fuskar Baba ta washe, ya miƙa masa hannu. "Gwamna, zo ka ji. Masanin nan namu ya ce da wuri ne, a jira." Na mayar da kujerata jikin bango na ci gaba da ɓare lemo. Bai kai wata Asabar ɗin ba.

Shi ya sa da Alhajin Ghana ya tambaya ko an sanar da masanin Manchester, shayi ya zuba. Auta ya buɗe baki, na san abin da zai ce, na harare shi irin hararar da ya sani tun yana rarrafe. Na durƙusa na ce, "Ya samu labari, Alhaji. Ya ce a yi masa afuwa, ba zai iya magana ba yanzu."

"Allah sarki," in ji Alhaji. "Marigayi yana ji da mutumin nan. In zai ambace shi har zama yake gyarawa. Mun sha tsokanarsa, mu ce ko ya fi son sa a kan 'ya'yansa. Sai ya yi dariya ya ce irin sa ba a samu sau biyu." Baba Likita ya dube ni ya daɗe, sannan ya sunkuyar da kai. Na ɗauki tirena na koma kicin, na tsaya a gaban famfo na sake shi yana zuba don kada a ji ni. Ga shi yanzu har masanin nake kishi. Shi an ambace shi duk Lahadi, an gyara zama dominsa, ni kuma ina bayan ƙofa da albasa.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka masa kabarinsa, ya sa rigunan sanyin da ya cire ya ba 'ya'yan mutane su zama inuwarsa. Na rubuta wannan don jikokinsa su san irin mutumin da aka yi, da kirkinsa da taurin kansa. Zaɓe yana nan tafe. Masu shirun za su fito su dangwala, a ga ko shi ne da gaskiya ko ni, kuma ko ma wane ne, ba wanda zai rage rediyo ya saurara.

Ranar sadakar bakwai, muna wanke kofuna ni da Auta, ya ce, "Yaya, ranar nan da na je gyara mota, na dawo na ga kin matso da kujera. Me ya ce miki?" Ya tsaya da tawul a hannu yana jira, idanunsa jawur. Shi yana da hirar duk rayuwarsa, har ba zai iya tuna rabinta ba. Na miƙa masa kofi na ce ya goge da kyau.

"Ba komai," na ce. "Wannan nawa ne."